Anti, Na Daina Ganin Kyan Komai

Assalamu alaikum Anti. Ni malamar firamare ce a Kano, shekaruna 34, 'ya'yana uku. Shekara tara ke nan muna zaune a gidan haya, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Maigidana yana ƙoƙari, ba mu taɓa kwana da yunwa ba, sai dai tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya koma lissafi. Damuwata ita ce na daina ganin kyan komai. In tashi, in dafa, in hau adaidaita, in wuni ina ɗaga murya a aji, in dawo, in dafa, in kwanta. Unguwarmu ƙura ce da kwata da leda. Da daddare in na ɗauki waya na ga gidajen mutane a Instagram, musamman wata ƙawata da ke aure a Abuja da furanninta da labulayenta, sai in ji kamar ni ba rayuwa nake yi ba. Kafin aure ni ce mai yi wa 'yan matan layinmu lalle, yanzu ko nawa hannun na manta rabon da in yi wa. Muna da fuloti a bayan gari, kullum ina cewa in mun gina zan shuka fure, zan yi kaza da kaza. Da na gaya wa maigida sai ya ce rashin godiya ne. Hajiyarmu ta ce in yawaita istigfari. Ina yi, amma abin bai tafi ba. Anti, don Allah, butulci nake yi wa Ubangiji?

Ƙanwarki daga Kano.

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da ɗawainiya.

Bari in fara sauke miki tambayar ƙarshe, don na san ita ta fi yi miki nauyi. Ba butulci kike yi ba. Mai butulci ba ya zama ya rubuta wasiƙa yana tuhumar kansa. Ke da bakinki kika ce maigida yana ƙoƙari, ba ku taɓa kwana da yunwa ba, wadda ta manta ni'ima kuwa ba da lissafa ta take buɗe magana ba. Istigfarin da Hajiya ta ce ki yi, ki riƙe shi da kyau. Maigidanki kuma, Allah ya ba shi haƙuri, ya duba mara lafiya ne ya kira sunan wata cuta daban. Ke idonki ne ya gaji, kuma faɗa ba ya maganin wannan.

Amma akwai wata tambaya da ke kaɗai za ki iya amsa ta. Bayan rashin ganin kyan abubuwa, barcinki ya lalace? Abinci ya fita daga ranki? Kina kuka ba dalili, ko kina jin ba ki da amfani, ko har tunanin gara mutuwa yana zuwa miki? In haka ne, kuma ya wuce mako biyu kusan kullum, to abin ya fi ƙarfin wannan fili namu. Ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, yana da likitoci yana da magani, kuma cikin manyan alamominsa har da mutum ya daina jin daɗin abin da yake so a da. Yakan kuma biyo bayan haihuwa, in autanki bai daɗe da zuwa ba. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke duba wannan, ga kuma asibitin Dawanau. Zuwa can ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba. In kuwa kina ci kina barci, yara suna yin abin dariya ki dara, to matso kusa, da ke nake.

Sau uku na karanta wasiƙarki, kuma kowane karatu a wuri ɗaya nake tsayawa: "in mun gina." Shekara tara ta haura kwana 3,200. Duk kwanakin nan kin zauna a gidan nan ne kamar mai jiran mota a tasha, jaka a kan cinya, ba ki yarda kin ajiye ta ba. Wanda yake tasha ba ya share ta, ba ya shuka komai a cikinta, ko kallonta ma ba ya yi, hanya kawai yake leƙe. Su kuwa yaranki ba su san a tasha suke ba. In sun girma aka ce gidan yarinta, wannan ɗan tsakar gidan za su tuna, da inda rana take faɗowa a bango, da inda kike ajiye turmi. Fulotin nan ba shi da ko labari ɗaya a wurinsu. Allah ya hore muku abin ginawa, amin. Sai dai ni da ke mun san kuɗin buhun siminti yanzu, kuma ba zan ɓoye miki ba, na san matan da suka tare a gidan kansu, tayil har bango, kafin wata shida suka koma leƙen na wasu. Idon da aka saba masa da jira, ba ya daina jira don an miƙa masa makulli.

Akwai wata aya a farkon Suratun Nahli, aya ta 6, da nake so ki koma ki karanta a tsanake. Allah yana lissafa amfanin dabbobin gida: abin ɗumama jiki, abin ci, ɗaukar kaya zuwa garin da ba za ku kai ba sai da wahala. A tsakiyar wannan lissafi na amfani sai ya ce, kuna da wani kyau a cikinsu, lokacin da kuke dawo da su da yamma da lokacin da kuke fita da su kiwo. Dubi inda aka nuna mana kyau. A garke, cikin ƙura da kashin shanu, a cikin aikin da makiyayi yake maimaitawa safe da yamma har ƙafarsa ta tsage. Malaman tafsiri ma sun tsaya a kan dalilin ambatar dawowa kafin fita, suka ce ai da yamma ne suka fi kyan gani, ciki ya cika, hantsa ta cika da nono. Wato har da sa'ar da ya fi dacewa a ɗaga kai a duba. Haka kuma a cikin Sahihu Muslim, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi gargaɗi a kan girman kai, wani mutum ya ce ai mutum yana son tufarsa ta yi kyau, takalminsa ya yi kyau. Sai ya amsa masa cewa Allah mai kyau ne, yana son kyau, girman kai kuwa shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Tufa da takalmi fa aka yi magana a kai. Saboda haka kewar kyau da kike ji a ranki ba laifi ba ce, inda kike neman sa ne ya yi nisa.

Kakata ta wajen uwa a wani ƙauye ta yi rayuwarta, a ƙasar Zazzau, ɗakin ƙasa da jinka. Ba zan ce miki rayuwar daɗi ta yi ba. Daga rijiya take jan ruwa har ta tsufa, kuma 'ya'ya huɗu ta binne suna ƙanana. Amma kullum da sassafe, bayan ta yayyafa ruwa ta share tsakar gida, sai ta koma daga bakin zaure ta riƙa jan tsintsiya a hankali tana ja da baya, tana barin zane a ƙasa, baka-baka, ɗaya a kan ɗaya kamar ɓawon kifi, har ta kai ƙofar ɗakinta. Kafin hantsi kaji sun tone shi, mu mun tattake sauran. Wata rana, ina 'yar shekara takwas ko tara, na ce, "Inna, me ya sa kike wahalar da kanki, tunda yanzu za a ɓata?" Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "To ai na gani."

Na kai shekara arba'in kafin in gane wannan amsa.

Kuma ba ita kaɗai ba ce, haka mutanenmu suke tun asali. Fura ba ta ƙara daɗi don an zana ƙwaryarta, amma sai an zana. Faifai zai rufe tuwo ko da kabarsa fara ce fat, amma sai an rina wata ja wata baƙa an saƙa su cikin juna. Mata su taru su yi daɓen ɗaki suna waƙa, a shafe shi da makuba har ya riƙa sheƙi. Magini ya gama gida, sai ya ɗora masa zanko a kusurwa. Yaro ya sauke Alƙur'ani, sai a kai allonsa wurin mai zayyana. Mai ɗinkin hula ya shafe makonni a kan ƙube guda, yana ƙirga zare. Ko daka, in mata biyu ko uku suka haɗu a turmi ɗaya, sai sun mayar da ita lugude, ana cilla taɓarya sama ana tafi kafin a cafe. Mafi yawan masu yin waɗannan abubuwa talakawa ne, da yawansu ko takalmi ba su da shi. Ba wanda ya jira sai ya yi arziki.

In kina da naira 20 a jaka, ɗauko ta ki juya bayanta. Na san yanzu ko ruwan leda da ƙyar take saya, amma duba. Matar da ke zaune tana gina tukunya, Ladi Kwali ce, Bagwariya daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a gida, da hannu, irin na ajiye ruwa da girki, tana zana musu ƙadangaru da kunamu da kifi da kada da tsuntsaye. Sarkin Abuja na wancan zamani, wato Suleja ta yau, Alhaji Sulaimanu Barau, ya riƙa tara tukwanenta a gidansa. A can wani Bature mai ginin tukwane, Michael Cardew, ya gan su, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe a garin, ita ce mace ta farko a ciki. Aka kai aikinta Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a 1984. Abin da ya sa na kawo miki ita shi ne, tun kafin Sarki da Bature da jami'a, ƙadangaren nan yana jikin tukunyar. Ta zana shi ne lokacin da ba ta san wani zai kalla ba in ban da matar da za ta zuba ruwa a ciki.

Yanzu batun waya. Ba zan ce ki jefar da ita ba, ni ma da ita nake rubuto miki. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Abin da ƙawarki take nuna miki kusurwa ɗaya ce ta ɗaki ɗaya, a sa'ar da haske ya fi kyau, bayan an kwashe wanki an ture shi bayan ƙofa, kuma hoto ɗaya ne cikin goma da aka ɗauka. Ba ƙarya take yi ba, kowa haka yake yi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ita kuma manhajar, haka aka gina ta: duk abin da kika daɗe kina kallo, irinsa za ta ƙaro miki, don haka daren da kika tsaya a kan labule ɗaya, kin yi odar labule ɗari ke nan ba ki sani ba. Sai ki kashe waya ki buɗe ido a kan bangon da ruwa ya yi wa taswira. Wane bango ne zai ci wannan gasa? A ƙarshen Suratu Ɗaha, aya ta 131, an ce kada ka miƙa idanunka zuwa ga abin da aka jiyar da wasu daɗi da shi. Miƙa ido, ki ji kalma. Naki ya daɗe a miƙe, shi ya sa ya sage. Ki hana waya hawa gado bayan isha'i na wata guda. Ƙawarki kuma, ki rufe hotunanta na ɗan lokaci ba tare da kin yanke zumunci ba, in kin yi kewarta ki kira ta ku yi hira da baki. Za ki sha mamakin abin da murya take faɗa wanda hoto yake rufewa.

Kada ki ɗauka zan ce miki kwata tana da kyau. Ba ta da shi. Ledar da ta maƙale a waya ba ta da shi, warin bola da zafin bazara ba su da shi, kuma masu cewa talauci ado ne yawancinsu a ƙoshe suke faɗa. Abin da kika gani a unguwarku gaskiya ne. Sai dai ba shi ke nan ba.

Ki tuna aikinki. Ke malama ce, wuni kike yi da jan biro a hannu, kuma aikin jan biro neman kuskure. Ki dawo gida ki zama uwa, ita ma idonta neman datti yake da abin da zai ji wa yaro ciwo: wane ne bai wanke ƙafa ba, wa ya bar wuƙa a ƙasa, shinkafa saura kwano nawa. Shekara da shekaru kina horar da idonki a kan abin da ya ɓaci, har ya ƙware, ya zama ba ya kawo miki rahoton komai sai shi. Ido ɗan aike ne, abin da aka aike shi yake kawowa. Sai a ƙara masa wani aiken.

Gobe in kin hau adaidaita, ki bar waya a jaka. Ki dubi mai lemo yadda yake feraye shi da 'yar wuƙarsa, ɓawon yana sauka zare guda bai tsinke ba, ya bar farin jikin da layi-layi kamar an tsefe. Ki dubi mai kayan miya yadda ya kasa tumatir, uku a ƙasa ɗaya a sama, ja kusa da koren tattasai, ba wanda ya koya masa a aji amma ya san abin da yake yi. Mai shayi yana ɗaga kofi sama yana tsiyayo shi cikin wani, ɗigo bai zuba ba. Bayan manyan motoci da zanensu na zaki da dawisu da kirarin da direba ya zaɓa wa kansa. Dattijon da zai wuce ki a kan tsohon keke, rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, hularsa ta zauna daidai. Mutanen nan duk tsadar da ta same ki ta same su.

Sai bishiyoyi, waɗanda nake ganin mun fi zalunta da rashin kallo. Darbejiyar da ke kowane layi, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, tana fitar da 'yan ƙananan furanni farare kafin damina, kuma in kika bi ta ƙarƙashinta bayan magariba za ki ji wani ƙamshi mai sanyi kamar na zuma. Shekara nawa kina wucewa ta wurin? Gawo kuma, in kun je duba fulotinku ki neme shi a gonaki: shi da damina yake zubar da ganye, sai kowa ya bushe da rani sannan ya yi kore shar, shi ya sa manomi ba ya sare shi, gero yana samun rana a ƙarƙashinsa, dabba tana samun abinci lokacin da babu. Furen kuka fari ne babba, yana rataye kai a ƙasa, da dare yake buɗewa, jemagu ne baƙinsa, kafin wani daren ya yanƙwane. Yawancinmu mun sha miyar kuka shekara talatin ba mu taɓa ganin furenta ba. Sannan ga shamuwa tana nan tafe. Daga kudanci da gabashin Afirka take tasowa duk shekara, ta iso mana gab da saukar ruwa, ta yi sheƙa a kan bishiyoyin cikin gari ba ta tsoron mutane, kuma a ƙauye ba a jifan ta, don ganinta albishir ne ga manomi.

Ba na so ki mayar da wannan wani sabon aiki mai rajista. Abu ɗaya a rana ya isa. Da daddare, lokacin tuwo, ki tambayi yara, "Yau me kuka gani mai kyau?" Ke ma ki faɗi naki. Za su fi ki iyawa, in gaya miki, don su har yanzu ba a ba su jan biro ba. Wani zai ce ƙadangare mai jan kai yana yi masa gaisuwa, wata ta ce man da ya zube a kwata ya yi bakan gizo. Kada ki gyara musu.

Wata Asabar kuma, in kuɗin mota ya samu, ki kwashe su ku je marinar Ƙofar Mata. Ana cewa tun 1498 ake rini a wurin, a ƙarshen zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ramuka da yawa an daina aiki da su, wannan zai ɗan sosa miki rai, amma akwai masu yi har yanzu. Ki tsaya ki kalli marini yana tsoma farin yadi cikin ruwan baba da toka. In ya ɗago shi ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya riƙa juyewa a gaban idonki har ya zama shuɗi. Ya sake tsomawa, ya sake ɗagowa, kowane zuwa launin yana ƙara zurfi. Ni duk zuwan da na yi sai na tsaya kamar ƙaramar yarinya. Kusa da wurin za ki ji ƙarar masu bugu, suna dukan yadin da itace a kan gungume har ya ɗauki ƙyalli. Mutane suna hawa jirgi daga Turai su zo kallon wannan, ke kuma kuɗin adaidaita ne tsakaninku. In da sauran ƙarfi ku hau Dala da la'asar, ki ga garin da kike cewa ƙura ce kawai yadda yake in rana ta kwanta a kansa, ana kiran salla daga kowace kusurwa, wani yana ɗauka wani yana ajiyewa.

Furen da kike ajiye wa fuloti kuma, ki fara shi a bokitin fenti. Ki huda gindinsa, ki zuba ƙasa da ɗan taki. Ba sai kin je wurin masu sayar da fure na bakin titi ba. Ki jefa 'ya'yan kuɓewa uku. Kafin wata biyu za ta yi miki fure ruwan ɗorawa mai haske da jan ciki, ya buɗe da safe ya rufe kafin dare, kuma dangin furen nan ne da masu kuɗi suke shukawa a bakin ƙofa, ga shi daga baya ki yi miya. Ki ƙara da ɗoɗɗoya ko na'ana'a a tsohuwar roba, don ƙamshi in an taɓa. Ruwan alwala da na wankin shinkafa ya ishe su. Ranar da Allah ya yi tashinku, bokiti ne, a ɗora shi a mota.

Amma duk abin da na faɗa a sama, kallo ne, kuma ba na jin kallo kaɗai zai ishe ki. A wasiƙarki akwai layi ɗaya da kika wuce da sauri kamar ba komai ba, alhali a nan ciwon yake: ke ce mai lallen layinku. Hannunki ya san wani abu, kika ɗaure shi shekara tara. Wanda ya taɓa iya yin abu mai kyau ya daina, ya fi kowa jin duniya ta yi masa fayau, kuma sau da yawa bai san dalili ba, sai ya ɗora wa gida ko unguwa ko miji. Mai zane kuma kallonsa daban ne. Ranar da kika koma lalle, za ki tsinci kanki kina leƙen ganyen zogale da zanen ƙofar ƙarfe da bakin hular maigida kina cewa wannan zai zauna a bayan hannu. Idonki zai koma aiki ne saboda hannu yana buƙatarsa.

Abu biyu a nan. Na ɗaya, ki tsaya a kan jan lalle, na ganye. Baƙin nan da ake haɗawa da dayis na rina gashi yana ƙona fatar wasu har ya bar tabo, kada ki kusantar da shi ga yara. Na biyu, kuma na san za a yi mini ca: kada ki mayar da shi sana'a tukuna. Da an ga hannunki za a fara, "Kai, ai da kin buɗe shago kafin salla." Wataƙila nan gaba, kuma ba laifi, kuɗi ba abin ƙi ba ne a wannan zamani. Amma yanzu komai na rayuwarki lissafi ne, da bakinki kika faɗa. Ki bar abu ɗaya tak wanda ba ya shiga lissafi, ko na wata uku ne. In kika sa masa farashi tun yau, jan biro zai biyo shi.

Maigida kuwa, ki yi masa uzuri. Namijin da yake fama da haya da kuɗin makaranta, in matarsa ta ce ba ta ganin kyan komai, abin da kunnensa yake ji shi ne "ka gaza." Shi ya sa ya yi saurin kare kansa da maganar godiya. Kada ki sake kai masa damuwar a dunƙule, ba zai san inda zai kama ta ba. Ki kai masa abin da zai iya ɗauka da hannu: bokitin fenti guda biyu da babu komai a ciki, ko ɗan farin fenti a shafe bango ɗaya na tsakar gida in mai gidan ya yarda. Maza da yawa ba su iya lallashi da baki ba, amma a ce musu ga abin da za a ɗauko, sai ki ga har da ƙari.

Daren Juma'ar nan, in yara sun ci abinci, ki kwaɓa garin lalle da ruwan ɗumi da ɗan lemon tsami, ki rufe ya tsumu. Ki fara da tafin hannun 'yarki in kina da mace, in babu ki fara da naki na hagu. Hannun zai yi rawa, layin farko zai karkace, kada ki goge. Bayan mako biyu zai koɗe, sai ki sake wani.

Ki rubuto mini in ruwa ya sauka. Ina so in ji wane zane ne hannunki ya fara tunawa, da kuma ko kuɓewar ta yi fure.

Antinki.